AMANAR MAGABATA: WA AKE JIRA YA ƊAUKE TA?

Ranar Juma'a 11 ga watan Agusta na shekarar 2023, cikin watan Muharram na 1445 bayan Hijira, Musulmi suna tsakiyar sallar La'asar a babban Masallacin Juma'a na birnin Zariya, sai wani sashe na ginin ya rufto a kansu. Aƙalla mutum 7 suka riga mu gidan gaskiya, wasu da dama suka jikkata. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu, ya ba iyalansu haƙurin rashi. Bayan faruwar abin, fadar Zazzau ta bayyana cewa an lura da tsagewa a jikin ginin kwana ɗaya kafin nan, ana cikin shirin kawo masana su duba ke nan sai mai afkuwa ta afku.

Ko shakka babu ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma babu Musulmin da zai yi jayayya da hukuncin Allah. To amma addinin da ya koyar da imani da ƙaddara, shi ne kuma ya koyar da cewa a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali. Duk wanda ya san ginin ƙasa ya san cewa bango ba ya tsagewa dare ɗaya. Damina ce ke cinsa sannu a hankali, gara na cin azara daga ciki, indararo ya toshe ruwa ya kwanta a kan soro, shekara da shekaru, har ranar da abin zai fito fili. Tambayar da ta kamata kowace unguwa ta yi wa kanta ke nan: masallatai nawa, ƙofofi nawa, tsofaffin soraye nawa ne yau suke cikin wannan hali a Ƙasar Hausa? Kuma wa ake jira ya duba su?

Shi wannan masallaci na Zariya ba ƙaramin gini ba ne. Malam Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ya gina shi a wajajen shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, bayan jihadin Mujaddadi Shehu Usman Ɗanfodiyo. Da tubali da azara kawai ya ɗaga bakan gizon da har yau masana gine-gine na duniya suke rubutu a kansa. Babu siminti, babu ƙarfe, babu injiniya daga Ingila. Abin da ke akwai shi ne gwani da ya san aikinsa, da jama'ar da suka ɗauki masallacin a matsayin nasu, wannan ya kawo ƙasa, wancan ya kawo ruwa, wani ya taka kwaɓi. Haka kuma aka riƙa kula da shi. Domin sirrin ginin ƙasa ɗaya ne: muddin ana yaɓe shi ana gyara masa magudanar ruwa, zai ga jikoki da tattaɓa kunne, ranar da aka ɗauke masa hannu, ranar ya fara mutuwa.

Babu inda wannan gaskiya ta fi bayyana kamar a badalar Kano. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashinta, ɗansa ya ci gaba da aikin, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), aka sake faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17. Ta zagaye gidaje da gonaki da duwatsun Dala da Goron Dutse, ta yadda ko an yi wa birnin ƙawanya mutane ba za su mutu da yunwa ba. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta. Ƙarni bayan ƙarni damina na zubar da ita, jama'a na fitowa gayya suna mayar da abin da ya zube. Lokacin da sojojin Turawan mulkin mallaka suka iso Kano a watan Fabrairu na 1903, sun tarar da ita tsaye ƙyam, har shi kansa Lugga ya rubuta wa magabatansa cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba.

Yau fa? Duk wanda ya bi ta Ƙofar Ɗan Agundi zuwa Gadon Ƙaya, ko ta Kabuga zuwa Kansakali, idonsa zai gaya masa. Inda ba a yanka fili an gina shaguna ba, an mayar juji. Inda ba a mayar juji ba, masu ɗibar ƙasa sun rarake. A shekarar 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti. Kududdufan da aka haƙi ƙasar gini daga cikinsu, waɗanda suke shanye ruwan sama, an cike da yawansu an yi gini a kai, sannan kowace damina a riƙa kukan ambaliya. Abin da bindigar Lugga ba ta iya yi wa badala ba, sakaci da kwaɗayi sun yi mata.

Abin mamakin shi ne, wannan lalacewa ta faru ne a daidai lokacin da badalar take da kariya a takarda. Tun tuni aka sanya ta cikin kayan tarihi na ƙasa. A 1979 aka kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa. A 2007 aka shigar da ita jerin wuraren da ake neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Takarda kan takarda, allo kan allo, amma katanga tana zubewa. Shekaru ɗari takwas ta yi a tsaye ba tare da doka ko ɗaya daga Legas ko Abuja ba. Shekaru sittin da 'yan kai a ƙarƙashin doka sun isa su mayar da mafi yawanta tarihi. Ashe a nan babu abin lura ga mai hankali?

Darasin a fili yake. Tsarin da Turawa suka kafa suka bari, babbar ɓarnarsa ba ta tsaya ga ƙwace mulki ba. Ya ƙwace wa mutane jin cewa abin da ke garinsu nasu ne. Da can idan bango ya zube sai a ce a fito gayya. Yanzu sai a ce gwamnati ta taimaka. Da can abin jama'a amana ne a wuyan kowa. Yanzu sunansa kayan gwamnati, kayan gwamnati kuwa a idon mutane ba shi da mai shi. Sai mahukunta su ba da kwangila, ɗan kwangila ya ci rabi, ya shafa fenti a sauran, a yanke kyalle, a watse. Jama'a kuma suna zaune suna kallo, sun manta cewa kakanninsu ba su taɓa jiran kowa ba.

Alhali kuwa aikin gayya ba baƙon abu ba ne a Musulunci, da shi aka fara. Da Manzon Allah (S.A.W.) ya isa Madina, masallacinsa da tubalin ƙasa aka gina shi, ginshiƙansa kututturen dabino, rufinsa ganyen dabino, kuma shi da kansa yana ɗaukar tubali tare da sahabbansa, Ammar ɗan Yasir yana ɗaukar bibbiyu. A shekara ta 5 bayan Hijira, da rundunonin ƙawance suka nufo Madina, Salmanul Farisi ya ba da shawarar a haƙa gwalalo, aka raba aikin, kowane mutum goma aka yanka musu kamu arba'in, Manzon Allah yana haƙa tare da su cikin yunwa da sanyi. Babu wanda aka biya, babu wanda ya ce a jira kasafin kuɗi. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi, Sayyidina Umar ya yi waƙafin gonarsa ta Haibara. Wannan ita ce sunnar da magabatan Ƙasar Hausa suka gada, suka kira ta gayya. Wanda ya bar ta, ya bar abu mai girma.

Kada wani ya ce ai wannan labarin da ne, zamani ya wuce shi. A ƙasar Mali akwai garin Jenne, inda babban masallacinsu na ƙasa, wanda aka sake ginawa a 1907, yake tsaye har yau, kuma babu ginin ƙasa da ya kai shi girma a duniya. Me ya tsayar da shi? Kowace shekara mutanen garin suna ware rana, su fito kwansu da kwarkwatarsu su yaɓe shi. Tun kwanaki kafin ranar ake jiƙa ƙasa a ramuka, yara suna takawa. Ranar aiki mata su ɗebo ruwa, samari su yi ta gudu da kwanduna cike da kwaɓi, magina su hau itatuwan da aka kakkafa a jikin bango tun lokacin gini don wannan amfani, dattawa suna zaune suna duba aiki. Unguwa da unguwa suna tsere, kafin rana ta take an gama. Mutanen Jenne ba su fi na Kano ko Katsina arziki ba. Abin da suka fi su da shi, ba su saki amanarsu ba.

Idan kuma an ce Mali ta yi nisa, ga misali a cikin gida. A jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar akwai wani ƙauyen Hausawa da ake kira Yaama. A 1962 dattawan garin suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka ɗora aikin a kan wani magini manomi, Falke Barmu. Kowane gida ya ba da gwargwadon ƙarfinsa: wasu suka yi tubali, wasu suka kawo itace, mata suka ɗebo ruwa. Daga 1975 aka sake rufinsa da bakan gizo da ƙubba, aka ɗaga masa hasumiyoyi huɗu a kusurwoyinsa, kowace da irin adonta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda manyan masana zanen gini na duniya suke nema ido rufe. Talakawan ƙauye ne suka yi wannan, da ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsu. Haka nan hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda asalin gininta ya koma 1515, ba don ana sabunta mata yaɓe ba da tuni iskar hamada ta kwashe ta.

Mai karatu zai iya cewa: a lokacin da ake fama da yunwa da tsadar rayuwa da 'yan bindiga, ina ruwan talaka da tsohuwar katanga? Tambaya ce mai nauyi, bai kamata a yi mata amsar raini ba. Amma a duba da kyau. Na farko, waɗanda suka rasu a Zariya ba a gidan kallo suka rasu ba, a sahun salla suka rasu. Kula da tsohon gini kula da rai ne. Na biyu, gayya ba ta cin kuɗin da kwangila ke ci. Bayan rushewar masallacin Zariya sai da aka kafa gidauniya ta maƙudan kuɗi don sake gini, alhali yaɓe da gyaran indararo na shekara-shekara abu ne da samarin unguwa ɗaya za su gama a yini biyu. Rigakafi ya fi magani. Na uku, mutanen da suka saba haɗuwa su gyara masallaci, su ne za su iya haɗuwa su yashe magudana, su gyara maƙabarta, su tsare unguwarsu. Mutanen da ba za su iya haɗuwa a kan kwandon ƙasa ba, a kan me za su haɗu?

Akwai kuma masu cewa wai kula da kayan tarihi hanya ce ta shirka, ko kuwa al'adar Turawa ce ta ajiye gumaka. A nan sai a bambance. Babu wanda ya ce a bauta wa bango ko a nemi biyan buƙata wurin tubali. Amma Alƙur'ani mai girma a wurare da dama ya yi umurni da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi abin da mutanen farko suka bari don a wa'aztu. Idan kufan waɗanda suka saɓa wa Allah abin dubawa ne, ina ga abin da bayin Allah suka bari? Hasumiyar Gobarau a Katsina shaida ce a tsaye cewa tun ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya sa ƙafa a wannan ƙasa akwai salla, akwai karatu, akwai malamai irin su Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina. Gidan Makama a Kano, wanda yanzu gidan tarihi ne, yana tunatar da zamanin Rumfa, sarkin da Shaihu Magili ya rubuta wa littafi a kan yadda shugaba Musulmi zai yi mulki. Ranar da waɗannan suka ɓace, yaron da aka koya wa a makarantar boko cewa Turawa ne suka kawo wayewa, da me za a ƙaryata masa? Mai rushe shaida, wa yake yi wa aiki?

Haka batun yake ga littattafai. A 2012, da masu ɗauke da makamai suka mamaye Tumbutu, ba wata runduna ce ta ceci rubuce-rubucen malaman garin ba. Iyalan da suka gaji littattafan ne da samarinsu suka riƙa zuba su a akwatunan ƙarfe suna fitar da su a ɓoye, ta mota da ta kwale-kwale, zuwa Bamako. A Ƙasar Hausa kuwa, gidajen malamai nawa ne suke da gafaka cike da rubutun hannu na Larabci da ajami, an jibge a zaure, gara da ɗigar ruwa suna cinyewa? Ga Gidan Arewa a Kaduna, ga cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ga Gidan Ɗan Hausa a Kano, amma ma'aikatansu ba za su iya shiga kowane zaure ba. Ɗaliban ilimi su ne za su iya: su nemi izinin magada, su kakkaɓe, su lissafa, su ɗauki hoto, su mayar wa masu shi abinsu.

Sannan shi ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da daji. Azara daga giginya take, giginya kuwa sai ta shekara da yawa kafin ta isa sara. Makubar da ake shafa wa bango don kada ruwa ya ci shi, daga ɗorawa ake samunta. Idan aka ƙare giginya da ɗorawa, ko an sami gwanin magini ba shi da abin aiki. Musulunci ya san keɓe daji tun farko: Manzon Allah (S.A.W.) ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, don amfanin jama'a. Magabata a nan ma suna da hurumi da makiyaya da burtali da ba mai taɓawa. Da aka mayar da dazuzzuka kayan gwamnati, aka cire hannun mutanen da ke zaune gefensu, sai ga sakamako: Sambisa da aka keɓe don namun daji ta zama sansanin masu tayar da ƙayar baya, dajin Rugu da na Kamuku suka zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane. Gidan da mai shi ya bari, macizai ke gadonsa.

To mene ne abin yi? Ba sai an jira taro a otal ba. Kowace unguwa ko gari da ke da tsohon masallaci, ko ƙofa, ko guntun badala, ko rijiya, ko maƙabarta, ya kamata samarinta su kafa ƙungiyar sa kai ƙarƙashin limami da mai unguwa da dattawa. Su sanya lokaci biyu a shekara: bayan kaka a duba ɓarnar da damina ta yi, kafin saukar ruwa kuma a yi yaɓe, a buɗe indararo, a ƙwanƙwasa azara a ji ko gara ta shige ta. Su nemo tsofaffin magina tun suna raye, su zauna gabansu su koya, domin kowane gwani da aka kai kabari ya tafi da ilimin da ba ya cikin littafi. Makarantun Islamiyya su riƙa kai ɗalibai gidajen tarihi. Kowane mai zuwa gayya ya dasa giginya ko ɗorawa ɗaya, ko da ba shi zai ci amfaninta ba, domin shi ma wani ne ya dasa masa.

Sai dai akwai gargaɗi uku. Na ɗaya, kyakkyawar niyya ba ta maye gurbin sani. Da yawa sun shafe tsohon bangon ƙasa da siminti suna zaton gyara suka yi, alhali simintin yana tsare danshi a ciki, ƙasa ta ruɓe ba a gani, sai dai wata rana a ji rugum. Kada a taɓa gini sai da shawarar magini, inda tsagewa ta yi tsanani kuma a fitar da mutane a kira injiniya. Na biyu, wurin da doka ta sanya cikin kayan tarihi na ƙasa, a sanar da hukumar da ke kula da shi kafin a fara, kada a ba wani kafar hana aikin alheri; kuma fitowar jama'a ba ta sauke wa mahukunta nauyin da ke kansu ba, hasali ma jama'ar da ta zuba guminta a kan badala ita ce za ta iya tsayawa ta ce ba za a yanka ta a sayar ba. Na uku, a tsare aikin daga 'yan siyasa da masu neman suna. Duk sisin da aka tara a karanta shi a masallaci. Ranar da gayya ta koma kwangila, ranar albarkarta ta tashi.

Waɗanda suka taka kwaɓin badalar Kano da waɗanda suka ɗebo wa Babban Gwani ruwa, babu wanda ya san sunayensu a yau, amma Allah ya san su, kuma duk raka'ar da aka yi a ƙarƙashin rufin da suka ɗaga, ana fatan suna da rabo a ciki. Sun sauke nasu nauyin, sun miƙa amana. Damina mai zuwa ba za ta jira kasafin kuɗi ba. Ya rage wa masu rai su zaɓa: ko su fito da kwando da fartanya yau, ko su fito da makara gobe.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba na baya ikon riƙe amana, ya sa a gama da duniya lafiya.